Bin sawun Sarkin Gwari Abdu a ƙasar Magarya da Dungas

Sarkin Gwari Abdu shi ne sarki na ƙarshe daga tsohon gidan sarautar Daura da ya zauna a birnin kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso. A shekarar 1805 Malam Isiyaku, wanda ya karɓo tuta daga wurin Shehu, ya ci birnin. Abdu ya fita da iyalansa da fadawansa da duk talakan da ya zaɓi ya bi shi, ya nufi arewa. Bai sake hawa gadon Daura ba. Ya yi shekara kusan 20 yana baƙunci a ƙasar wasu, yana tashi daga wannan zango zuwa wancan, har ya sami wurin da ya tsugunar da jama'arsa a Yekuwa, garin da yau yake cikin gundumar Magarya ta jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar. A can ya rasu wajen 1825. Daga zuriyarsa da ta ɗan'uwansa Lukudi ne sarautu uku suka fito, Zango da Baure da Magarya, kuma daga cikinsu ne aka sami wanda ya koma fadar Daura bayan shekara 100.

Ba shi kaɗai wannan ƙaura ta samu ba. A cikin 'yan shekarun nan kusan duk manyan gidajen sarautar ƙasar Hausa sun bar biranensu. Na Katsina suka yi arewa, Ɗankasawa ya kafa musu Maraɗi wajen 1819. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu zuwa Zuba, ƙanensa Abu Ja ya gina Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. Gobirawa suka tattaru a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Kabawa kuma suka riƙe Argungu. Sarkin Kano Alwali kuwa an cim masa a Burumburum, gidansa bai sami wani birni da ya tsaya da ƙafarsa ba. Littattafan makaranta sun fi bin labarin waɗanda suka shiga biranen da tuta, kuma labari ne da ya cancanci a koyar. Amma waɗanda suka fita ta ɗaya ƙofar su ma sun yi aiki: sun sare daji, sun haƙa rijiyoyi, sun kafa garuruwan da mutane ke zaune a cikinsu har yau. Kudancin jihar Damagaram yana daga cikin wuraren da aka fi ganin wannan aiki da ido.

Mai son bin sawun Abdu bisa tsarin yadda abin ya faru, daga arewa ya kamata ya faro, domin gidan Daura can ya fara tserewa, sannan ya riƙa matsowa kudu kaɗan-kaɗan. Tafiyar takan fara daga birnin Zinder. A lokacin da Abdu ya fito, Zinder ba ta kai matsayin da ta samu daga baya ba. Gidan sarautar Damagaram, wanda ya samo asali daga Malam Yunus, wani malami da shi ma baƙo ne daga wajen Barno, sai a zamanin Sarki Sulaimanu, a farkon ƙarni na 19, ya mai da Zinder mazauninsa. Tsohon gari mai nauyi a yankin shi ne Mirya, kilomita kusan 20 gabas da Zinder, garin lambuna da maginan tukwane. Tarihin Daura ya ambaci ƙasar Mirya cikin wuraren da Abdu ya zauna a shekarun yawonsa. Zaɓin yana da dalili. Duk wannan yanki yana ƙarƙashin inuwar Barno, kuma sarakunan Hausa da jihadi ya taso wa sun kai kukansu ga Mai na Barno. Wannan kuka ne ya zama ɗaya daga cikin tushen doguwar muhawarar da aka yi ta wasiƙu tsakanin Shehu Muhammadu al-Kanemi da Muhammadu Bello a kan halaccin yaƙar sarakunan da ke salla. Sai dai Barno kanta tana fama da nata, don babban birninta Gazargamu ya faɗi a 1808. Inuwa ta samu, amma rundunar da za ta mai da sarki gida ba ta samu ba.

Daga Zinder babbar hanyar kwalta ta miƙe kudu ta Dogo da Bande zuwa Magarya, tafiyar kilomita 90 da 'yan kai. Duwatsun da suka kewaye Zinder sukan ɓace ba da jimawa ba, sai rairayi da gonakin gero. Can gaba ƙasa takan sauka cikin kwari, iska ta canza, idon matafiyi ya cika da kore ko da a tsakiyar rani. Nan ne Korama. Ba kogi ba ne mai gudu duk shekara. Jerin fadamu ne da tafkuna da ƙoramu da suka ratsa kudancin jihar, inda ruwa yake kusa ƙwarai da bayan ƙasa. A wasu wuraren mutum yakan haƙa rami da bai wuce tsayinsa ba ya tarar da ruwa. A bakin hanya ana jera rake a tsaye an jingina shi da rumfa, mai sayarwa na fere shi da wuƙa yana yankawa gaɓa-gaɓa. Bayansa akwai rogo da dankali da albasa da kabeji, da dabino da goriba da giginya sun yi wa kwarin rumfa. Amalanken shanu na fitowa daga lambu a hankali, yaro na zaune a kan kaya yana riƙe da igiya.

Wanda ya ga Korama ya fahimci abin da ya ja masu ƙaura zuwa wannan ƙasa. Sarkin da ya fito da ɗaruruwan mutane da dawaki, abin da ya fara tambaya shi ne ruwa. Bayan ruwa sai ƙasar da za ta ba da gero a daminar farko, sai ciyawar doki, sai kuma daji mai kauri da zai tare mahaya in sun kawo hari. Kudancin Damagaram ya haɗa waɗannan duka, ga shi yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a jihar. Har yau shi ne ya fi cikar jama'a. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magarya mutum sama da dubu 570, ta ba Dungas sama da dubu 350.

Ƙasar kuwa tana da masu ita tun kafin baƙin Daura su zo, kuma wannan batu ne da bai kamata a tsallake shi ba. Gabas da hanyar Bande akwai Waca, gaba da ita akwai Dungas. Su biyun tare da Mirya su ne ƙasashen da ake kira Sosebaki, tsofaffin sarautu waɗanda tarihin baka yake danganta asalin sarakunansu da wani ɗan sarki daga Barno, talakawansu kuma Hausawa ne manoma. Dungas tana gabas da Magarya da kimanin kilomita 50. A da tana cikin gundumar Magarya, sai a 2011 aka yanke ta ta zama gunduma mai zaman kanta, da ƙananan hukumomi 4: Dungas da Dogo-Dogo da Guci da Malawa. Magarya ta rage da 7: ita kanta, da Bande da Ɗanciyawo da Kwaya da Sasumburum da Waca da Yekuwa. Mai zuwa Dungas ranar Laraba zai ga garken shanu da raƙuma da tumaki ana kora su kudu, domin washegari Alhamis kasuwar Maigatari take ci a jihar Jigawa, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na bakin iyaka. Ta fuskar tarihin Abdu, amfanin wannan ratse shi ne a ga inda ƙasar baƙi ta tsaya. Gabas tana da sarakunanta, arewa Damagaram na tasowa, kudu da yamma masu tuta ne. Abin da ya rage wa mutanen Daura shi ne siririn yankin da ke tsakani, wanda dama gefen tsohuwar ƙasarsu ne.

Daga Magarya ake yin yamma zuwa Yekuwa. Hanyar ta ratsa gonaki ne da ƙauyuka a jere, kusan ba a fita daga ganin rumbunan wani gari kafin a hango na gaba. Itacen da ya mamaye gonakin shi ne gawo. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi yakan zubar da ganyensa ya tsaya fari fat, gero ya tashi a gindinsa ya fi na ko'ina tsawo da kauri, don bai tare masa rana ba kuma ganyen da ya zuba ya zama taki. Da rani sai ya yi ganye ya ba da inuwa, 'ya'yansa su faɗo awaki su yi ta tsinta. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun yi suna a duniya wajen renon gawon da ya tsiro da kansa a gona. Wani bincike da aka yi a 2006 ya kiyasta cewa filin da suka farfaɗo da shi ta wannan hanya ya kai kimanin hekta miliyan 1. Jikokin waɗanda suka sare dajin ne suke mai da itatuwa a gonakin, kuma ba wata hukuma da ta tilasta musu.

Yekuwa ba ta da wata alama da za ta sanar da baƙo cewa sarkin Daura ya zauna a nan. Gari ne na katangun ƙasa da darni, da masallatai, da rijiyoyin da mata ke kewaye da su tun da asuba, da 'yan kabu-kabu da ke jiran fasinja a inuwa. Kalmar yekuwa a Hausa shela ce, kiran da sanƙira ke yi don jama'a su taru su ji umarni, kuma da wuya a sami sunan da ya fi wannan dacewa da mazaunin sarkin da ba shi da abin da ya rage masa sai mutanen da za su amsa kiransa.

Yadda ake kafa gari a ƙasar Hausa ta wancan zamani sananne ne, kuma shi ne aikin da ya cinye sauran rayuwar Abdu. Ana fara neman izinin wanda ke da ikon ƙasar, a kai masa gaisuwa. Maharba, waɗanda suka san dajin da wuraren ruwansa, su ne ke nuna wuri. Malamai su yi addu'a, a haƙa rijiya, a kewaye wurin da kafi na itace da ƙaya kafin a sami ƙarfin gina ganuwa. Sai a fitar da filin fada da na masallaci da na kasuwa, sannan kowane maigida a nuna masa inda zai sare ya yi gona. Shekarar farko ita ce mai wuya, don ba rumbun bara da za a buɗe, iri ma sai an nemo. Wanda ya fara sare wuri shi da zuriyarsa ke da shi, shi ya sa sunayen ƙauyuka da yawa suke ɗauke da sunan wanda ya kafa su, Gidan wane, Garin wane, Kafin wane. Shugaba a irin wannan wuri ba ya zama a zaure yana jiran haraji. Shi ke raba gona, shi ke sasanta baƙo da ɗan gari a kan rijiya, shi ke karɓar caffar duk wanda ya gudo, ya ba shi wurin zama domin yawan mutane shi ne ganuwar farko. Kuma dole ya san lokacin da za a tsaya a yi faɗa da lokacin da za a naɗe tabarma a ƙara gaba.

Abin da ya bambanta Abdu da sauran masu kafa tunga shi ne kayan da ya fito da su daga Daura, waɗanda ba a ɗaure su a bayan jaki. Ya fito da tsarin sarauta. Gidan da ya yi ƙaura ya ci gaba da naɗa Galadima da Kaura da sauran masu muƙami, ya kuma riƙe sarautun mata, Magajiya da Iya, waɗanda suke da nauyi na musamman a Daura, garin da tarihinsa ya fara da sarauniyoyi tun kafin labarin Bayajida da rijiyar Kusugu. Masanin nan M. G. Smith, a littafin da ya wallafa a 1978 a kan sha'anin mulkin Daura, ya kwatanta yadda aka tafiyar da mulki a birnin ƙarƙashin Fulani da yadda aka tafiyar da shi a Zango da Baure, ya nuna cewa tsohon tsarin a wurin masu ƙaurar ya rayu. Wannan shi ne babban abin da za a yaba wa Abdu. Bai ci wani yaƙin da ya mai da shi gida ba. Amma ya hana jama'arsa narkewa cikin garuruwan da suka ba su masauki, ya sa suka ci gaba da kiran shugabansu Sarkin Daura alhali yana zaune a cikin kafi. Fadar da ake yi wa fadanci kowace safiya, ko ta zana ce, tana tuna wa yaron da aka haifa a gudun hijira cewa yana da gida a wani wuri.

Tarihin duniya yana da irin wannan ƙaura a wurare da dama, kuma ɗaya daga ciki ta faru kusan a zamani guda. A Amurka, mabiya ɗariƙar Kirista da ake kira Mormon sun sha kora daga gari zuwa gari. An kashe shugabansu Joseph Smith a 1844, suka bar garinsu Nauvoo a 1846, Brigham Young ya ja su tafiyar kilomita kusan 2,000 zuwa kwarin Tafkin Gishiri, inda suka isa a watan Yuli na 1847. Kafin jirgin ƙasa ya kai yankin a 1869, mutum kimanin dubu 70 sun bi wannan hanya, da yawansu baƙi daga Ingila da Denmak da maƙwabtanta, wasu ma da hannu suka turo kayansu a keke irin kurar 'yan ga-ruwa. Daga can aka riƙa tura ƙananan shugabanni da iyalai 'yan kaɗan su je su kafa sababbin garuruwa, su haƙa magudanan ban-ruwa, su raba filaye, shugaban ya zama shi ne limami kuma shi ne mai gari. Su ma ƙasar da suka shiga tana da masu ita, ƙabilun asali na yankin, waɗanda suka yi asarar wuraren farauta da ruwansu. Kamannin a fili suke. Bambancin kuwa a niyya yake. Mutanen Brigham Young sun yi nisa ne don kada a sake iske su, ba su kuma yi shirin komawa ba. Mutanen Abdu sun zauna ne a inda doki zai kai su ƙofar Daura cikin yini guda, duk gonar da suka sare suna kallonta a matsayin zango.

Bayan rasuwar Abdu sarauta ta koma hannun ɗan'uwansa Lukudi, kuma daga nan gidan ya fara rabuwa. Lukudi ya matsa kudu zuwa Yardaje, daga bisani mazaunin reshensa ya tabbata a Zango, kilomita kusan 20 kacal gabas da Daura. Wani reshe na 'ya'yan Abdu ya kafa tasa sarautar a Baure. Na uku ya zauna a Magarya, inda wani mai suna Masallaci ya fi fitowa a tarihin kafuwar sarautar garin. Sunayen garuruwan uku kansu suna ba da labarin yadda aka fara su. Biyu sunan itace ne, ɓaure da magarya, irin inuwar da matafiya ke sauke kaya a gindinta. Na ukun kuwa sunan masaukin ayari ne.

Rabuwar ta yi wa gidan illa, kuma gaskiya ita ce rigimar gado ta 'yan'uwa ta taimaki abokan hamayyarsu fiye da yadda kowace runduna ta taimake su. Wanda ya fi cin ribarta shi ne Damagaram. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, Zinder ta zama babbar daula. Ya kewaye birnin da ganuwa, ya tara bindigogi, maƙeransa suka zuba masa igwa a gida, ya kuma shimfiɗa ikonsa a kan ƙasashen Sosebaki da na 'ya'yan Daura. Zango da Baure da Magarya suka zama masu kai gaisuwa Zinder. Sun sami kariya daga hare-haren Kano da Daura ta Fulani, amma sun biya da dukiya da mayaƙa, kuma kowane mai neman sarauta a cikinsu ya san cewa sai ya bi ta Zinder. Talakan yankin shi ya ɗauki nauyin wannan zama na tsakani. Hari na zuwa daga kudu, na ramuwa na tashi daga arewa, ana kama mutane a gona a sayar. Kufai da ake gani jefi-jefi a ƙasar, tudun da ya cika da fasassun tukwane da tsohuwar kuka a tsaye, da yawansu shaidar wannan zamani ne.

Tsakanin Yekuwa da Yardaje tafiyar 'yan sa'o'i ce a ƙafa, a kan babur kuwa ba a jimawa. A tsakiyar wannan 'yar tafiya ake ƙetare iyakar ƙasa da ƙasa. Babu kogi, babu dutse, gonar gero ce ta haɗu da gonar gero. Alamar iyakar ita ce dogon ƙarfen da aka kafa, wanda mutanen yankin ke kira tangaraho saboda kamarsa da turken wayar tangaraho. Faransawa sun kama Zinder a 1899 bayan yaƙin Tirmini, Ingilishi suka kama Kano da Sakkwato a 1903. Ƙasashen biyu sun yi ta ja-in-ja a kan inda layin zai bi, domin Faransa na neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Zinder da tafkin Cadi. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka daidaita maganar a takarda, sannan tawagar Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Da aka gama, Zango da Baure da Yardaje suka faɗa ɓangaren Ingila, Magarya da Yekuwa suka faɗa ɓangaren Faransa. Garin da Abdu ya rasu da garin da magajinsa ya koma suka zama ƙasa biyu.

Abin da ya biyo baya an yi nazarinsa a kan waɗannan garuruwa biyu musamman. William Miles, Ba'amurken da ya koyar a Magarya a ƙarshen shekarun 1970, ya dawo ya zauna a Yardaje da Yekuwa, ya wallafa littafi a 1994 a kan yadda mulkin mallaka iri biyu ya raba Hausawa masu asali ɗaya. A ɓangaren Ingila an bar wa sarki alƙalansa da baitulmalinsa da 'yan dokarsa. A ɓangaren Faransa an mai da sarki shugaban kanto, mai tara haraji da ma'aikatan tilas ƙarƙashin kumandan, ana iya tuɓe shi duk ranar da aka ga dama. Aikin tilas bai ƙare a mulkin Faransa ba sai 1946, kuma kafin nan iyalai da yawa sun tsallaka kudu cikin dare don guje masa. Noman gyaɗa ya zo ya mamaye ɓangarorin biyu, Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin sayen gyaɗa a Nijar, har farin shekarun 1970 da cutar da ta kama shukar suka karya kasuwar. Yau riɗi da wake da rake ne suka fi kawo wa manomi kuɗi.

Duk da haka tangaraho bai raba zumunci ba. Ana aure tsakanin Yekuwa da Yardaje, ana zuwa jana'iza da suna, almajirai na tafiya karatu Kano da Zariya, samari na tafiya cin rani su dawo da faɗuwar ruwan farko. A kasuwannin Magarya da Dungas naira na yawo tare da sefa, mai tebur yana lissafi da jaka da dala a wannan hannu, da naira a wancan, ba tare da ya ruɗe ba. Kayan da ke bin babbar hanya ta Tinkim zuwa Babban Mutum ake rubutawa a littafin kwastan, amma na kan babur da amalanke ba su da iyaka. Shi ya sa duk lokacin da aka rufe iyakar, kamar yadda Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, mutanen wannan yanki ne suke fara ji a tukunyarsu. Umarnin da aka sa wa hannu a Abuja ko Yamai, a nan yana nufin uwa ba za ta kai wa 'yarta gara ba sai ta bi ta bayan gona.

Daga Yardaje hanya ta bi ta Zango ta shiga Daura. Bayan Ingilishi sun daidaita ikonsu, sun sauke sarkin Fulani na ƙarshe, Murnai, suka ɗauko Sarkin Zango Malam Musa, daga zuriyar Lukudi, suka zaunar da shi a fadar Daura, aka haɗa masa Zango da Baure ƙarƙashinsa. Cikin manyan masarautun da jihadi ya ci, Daura ce kaɗai tsohon gidanta ya koma cikin birninsa. Na Katsina suna Maraɗi har yau, na Zazzau suna Suleja, na Gobir suna Tsibiri da Sabon Birni. Turawa sun yi abin da suka yi ne don lissafin kansu, amma da ba su tarar da sarki a Zango da fadawansa da Magajiyarsa da jerin sunayen kakanninsa ba, da babu wanda za su mayar. Malam Musa ya rasu a 1911, ɗansa Abdurrahman ya gaje shi ya yi mulki har 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sai Umar Faruk Umar.

Tafiyar da ta ɗauki gidan Daura shekara 100, daga Mirya zuwa Yekuwa zuwa Yardaje zuwa Zango zuwa ƙofar fada, mota da babur suna gama ta a yini guda. Kashin farko na hanyar yana Nijar, na biyu yana Nijeriya, kuma haka labarin ya rabu: abin da Faransawa suka rubuta yana Zinder da Yamai, abin da Ingilishi suka rubuta yana Kaduna, sauran yana bakin dattawa da maroƙa da makaɗan fada a Magarya da Yekuwa da Waca da Dungas da Baure. Waɗannan dattawa suna raguwa kowace shekara. Jami'ar André Salifou da ke Zinder, wadda ke ɗauke da sunan marubucin tarihin Damagaram, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, suna da ɗaliban tarihi 'yan asalin waɗannan garuruwa. Ya kamata a tura su tare, da na'urar ɗaukar murya, su zauna da masu labarin a ɓangarorin biyu na tangaraho, a rubuta abin da suka ji da Hausa, a kuma kafa allo a Yekuwa mai ɗauke da sunan Sarkin Gwari Abdu da shekarar da ya bar Daura.